Kunnen Jita

A wani lungu na Glasgow, bayan tashar Partick,
inda ruwan sama ba ya neman izinin kowa,
Effie Dalgleish na da shago mai faɗin tabarma biyu.
Warin dalma, warin kakin zuma,
da kofin shayin da ya huce tun safe.

Na shiga da jitata a kafaɗa, hulata na ɗiga,
na ce a sauya mata kunne.
Kunne nake ce wa abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya,
maganaɗisu a naɗe cikin zaren jan ƙarfe,
mai jin motsin tsirkiya ya kai wa lasifika tsegumi.

Na ce, ba ni tagwaye, masu naɗi biyu,
masu kauri, masu zafin rai,
irin na lokacin da nake ɗan ashirin da uku,
muna girgiza tagogin mashaya a Govan
har mai wurin ya kashe mana wuta.

Ba ta ce uffan ba.
Ta turo mini kujera da ƙafa.
Kaɗa, in ji ta.

Na kaɗa.
Shekara talatin da ɗaya ina murɗa sitiyarin bas,
gaɓoɓin yatsuna sun koyi ƙorafi,
ƙaramin ma sai an roƙe shi yake miƙewa.
Ta saurara, kai a sunkuye, tabarau a goshi.

Fergus, ta ce,
wanda kake sayo wa kunnen nan ya daɗe da tafiya.
Wancan yaron dukan tsirkiya yake yi,
kai lallashinta kake.
Ko makaɗi ba ka riƙe ba, da tsokar yatsa kake taɓawa.
In na ɗaura maka tagwaye masu zafi
za su haɗiye raɗarka, su amayo tsawa.

Na ji zafin maganar har tafin ƙafa.
Na dubi bango, bango bai shigar mini ba.

Ta ciro wani siriri daga aljihun tebur.
Naɗi guda, ta ce, zagaye dubu bakwai da ɗari shida,
da hannun nan, ina ƙirge, rediyo na ta alƙawarin rana.
Ba ya ƙari, ba ya rufa asiri.
Ka zame, ya faɗa a gaban jama'a.
Kuma yana da ƙugi, kada ka dawo mini da kuka,
tsaya kusa da fitila ka ji shi
kamar ƙudan zuma da aka rufe a kwalba.

Ta dasa shi kusa da wuya, inda sauti ke da tsoka,
ta bar tsohon nawa can wajen jaki,
ko da ƙuruciya za ta motsa wata Asabar.
Hayaƙin dalma ya tashi siriri.
Ta juya sukudireba rabin juyi, ta saurara,
ta mayar da kwata.

Na taɓa tsirkiya ta uku.
Na ji farcena, na ji katakon yana numfashi,
na ji rawar da hannuna ke yi
wadda na ɓoye wa likita, na ɓoye wa matata Senga.
Duk ga su a fili, kuma ba su yi muni ba.

Can ƙarƙashi, ƙugin nan.
Ai na san shi.
Injin bas ne, ƙarfe biyar na asuba a gareji,
kafin fasinja na farko ya shigo da jiƙaƙƙiyar lema.

Nawa ne? na ce.
Ta faɗa, na yi tari, na biya.
A bakin ƙofa ta ƙwala mini:
ka yanke farcen nan, ko ka koyi amfani da shi.

Har yau ban yanke ba.